Na fasa kwas saboda ƙarambau, sun ce kuɗina ya tafi

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don abin ya tsaya min a rai. Akwai kwas na mako biyu na koyon lissafin kasuwanci a kwamfuta, na biya kuɗinsa gaba ɗaya tun watan jiya. Saura kwana biyu a fara kwas ɗin, zazzaɓi ya rufe ni, washegari ƙuraje masu ruwa suka feso min a fuska da ƙirji da baya, har cikin gashin kai. Likita yana gani ya ce ƙarambau ne, a wajen yarona na ɗauka, kuma kada in shiga mutane sai duk sun bushe sun yi ɓawo. A ranar na kira cibiyar, na tura musu takardar likitan ta imel. Amsar da suka ba ni ita ce, a ƙa'idarsu mai fasawa sai ya sanar mako guda kafin ranar farawa, in ya wuce haka ba a mayar da kuɗi. Har hoton inda na sa hannu suka turo min. To mako guda kafin nan ai lafiyata ƙalau. Ajin ɗan ƙaramin ɗaki ne, mutum 12, tagogi a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki, mutum biyu-biyu a kan kwamfuta ɗaya. Saboda waɗannan mutanen na zauna a gida. Ina da haƙƙi, ko in haƙura?

Ummi K.: Wa alaikumus salam. Sannu Yaya, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ƙarambau a jikin babba ba wasa ba ne.

Baban Yusra: Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Kin karanta sharaɗi, kin yarda, kin sa hannu. Su ba su saɓa komai ba: ga aji a buɗe, ga malami, ga kujerarki. Rashin lafiya ƙaddara ce da ta faɗa miki, ba su suka ɗora miki ba, don haka ban ga dalilin da za su ɗauki asarar ba. In sun tausaya sun ba ki wani abu, alheri suka yi, ba bashi suka biya ba.

Ɗan Auta: Anti ki sa takunkumi da dogon hijabi ki je abinki mana. Ki zauna can baya. Tunda su ba su damu ba ke me ya dame ki?

Sista Bilki: Ɗan Auta, don Allah ka janye wannan maganar, kada wani ya karanta ya ɗauka shawara ce. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ƙarambau ta iska yake yaɗuwa, da kuma taɓa ruwan ƙurajen. Mutum yana fara yaɗa shi kwana ɗaya zuwa biyu kafin ƙurajen su fito, kuma bai daina ba sai kowane ƙurji ya bushe, wanda yawanci yakan ɗauki kwana 5 zuwa 7. Wanda ya ɗauka kuwa ba zai sani ba sai bayan kwana 10 zuwa 21. A ɗakin da tagoginsa ke rufe, awa shida a rana, ana karɓa-karɓar madannai ɗaya, zama a baya ba zai hana komai ba.

Kuma ba ka san waye a ajin ba. Mace mai juna biyu da ba ta taɓa yi ba, cutar na iya sauka mata a huhu, tana iya taɓa abin da ke cikinta. Mai shan maganin cutar daji, mai cutar da ta raunana garkuwar jiki, wanda zai koma gida ya ɗauki jariri sabon haihuwa, duk waɗannan ba a gane su a fuska. Na yi jinyar magidanci ƙaƙƙarfa da ƙarambau ya kai shi ga iskar oksijin. Abin da Maman Hanif ta yi shi ne daidai, ko kuɗin ya dawo ko bai dawo ba.

Maman Hanif, in kika ji numfashi yana miki wuya, ko ƙirji na ciwo, ko wani ƙurji ya yi ja ya kumbura yana zafi, ki koma asibiti a lokacin, kada ki jira safiya.

Ɗan Auta: Na janye Sista. Ban san ya kai haka ba.

Hajiya Asabe: Bari in yi magana daga ɗaya ɓangaren, don ni ma ina gudanar da irin waɗannan kwasa-kwasan. Mutane suna ganin kamar kuɗin yana ajiye a aljihunmu ne muna jin daɗi. Kafin ranar farko an biya hayar ɗaki, an ba malami rabin kuɗinsa, an buga littattafai da sunan kowa, an sayi lasisin manhajar na kowace kujera. A wurina sai kujeru sun cika kusan kashi biyu cikin uku kafin in ce na fita daga asara. In mutum uku suka janye ana jibi farawa, ni ce zan ciro daga aljihuna.

Sannan ku yi haƙuri, ana yi mana ƙarya sosai. Biki ya taso, ko mutum ya samu wani kwas mai araha, sai ga takardar likita. Wannan ne ya sa masu cibiyoyi suka ƙeƙashe zuciya suka ce babu uzuri ko ɗaya.

Duk da haka ban goyi bayan abin da aka yi miki ba, ƙanwata. A wurina wanda ya kawo shaidar cuta mai yaɗuwa, ina ɗage masa zuwa rukuni na gaba ba tare da ƙarin komai ba. Ba don kirki kawai ba. In na ce kuɗinsa ya tafi, na san abin da zai yi: zai sha maganin zazzaɓi ya zo ya zauna min a aji. Malamina ya kwanta mako biyu, wannan asarar ta fi kujera ɗaya nesa ba kusa ba.

Baban Yusra: To kin gani Hajiya, ke da kanki kin ce ana ƙarya. In aka buɗe wannan ƙofar kowa ta nan zai bi.

Hajiya Asabe: Ƙarambau ba ya ɓuya Alhaji. Kiran bidiyo na minti ɗaya ya isa. Kuma takardar asibiti tana da hatimi da lambar waya, wanda yake shakka ya kira. Mai ƙarya ma ɗagewa ba ta yi masa amfani, shi kuɗi yake so a hannu. Shi ya sa ɗagewa ta fi mayar da kuɗi tace mutane.

Barista Nura: Allah ya ƙara afuwa Hajiya Maman Hanif. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da zan faɗa shimfiɗa ce, ki duba ta inda kike.

Abu uku ne ake yawan cakuɗawa. In cibiya ce ta soke kwas, kuɗinki ne gaba ɗaya, babu gardama. In cibiya ce ta hana ki shiga, nan ma hujjarki tana da ƙarfi, don su ne ba su ba da abin da aka biya ba. In kuwa ke kika janye, a nan Baban Yusra yana da gaskiya har wani matsayi: rashin lafiyar mai saye ba ta rushe yarjejeniya da kanta.

Inda na rabu da shi shi ne cewa sa hannu ya rufe magana. Dokokin kare masu saye a ƙasashe da dama ba su yarda ɗan kasuwa ya rubuta duk abin da ya ga dama ba. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce sharaɗin da ba na adalci ba bai ɗaure mai saye, kuma riƙe duk kuɗin da aka biya ba tare da duba ainihin asarar da aka yi ba yana cikin abin da ake ƙalubalanta. A Najeriya dokar 2018 ta gasar kasuwanci da kare masu saye ta ba mutum damar soke abin da ya yi rajistarsa tun da wuri, sai dai a cire masa caji daidai misali. Afirka ta Kudu ta fi fitowa fili: sashe na 17 na dokarsu ta 2008 ya hana cajin sokewa kwata-kwata in wanda aka yi rajistar dominsa ya rasu ko an kwantar da shi a asibiti. Ki lura, kwanciya a asibiti aka ce, jinya a gida ba ta shiga wannan ba, ta koma ƙarƙashin caji daidai misali.

To tambayar da za ki riƙe ita ce: nawa suka yi asara saboda rashin zuwanki? Sun buga miki littafi, sun sayi lasisi, wannan a cire. Amma in akwai jerin masu jira, suka sayar wa wani kujerarki, to kuɗi biyu suka karɓa a kujera ɗaya, kuma da wuya su kare wannan a gaban kowace hukuma.

Ummi K.: Barista, ba akwai wata doka ta kwana 14 ba? Na taɓa jin cewa duk abin da ka saya ta intanet kana iya fasawa.

Barista Nura: Akwai, a Tarayyar Turai da Birtaniya, ga abin da aka ƙulla daga nesa, ta intanet ko ta waya. Amma ga hidima irin wannan ana ƙirga kwanakin ne daga ranar da aka ƙulla yarjejeniyar. Ita tun watan jiya ta biya, kuma da alama a ofishinsu ta sa hannu. Ba za ta taimaka mata ba.

Shawarata, ki bar waya ki koma rubutu. Ki rubuta wa shugaban cibiyar, ba mai karɓar baƙi ba, don ita ba ta da ikon karya ƙa'ida. Ki sa ranar da kika biya, ranar da likita ya gan ki, ranar da kika sanar da su. Ki haɗa da rasit da takardar likita. Sai ki yi musu tambaya ɗaya: a ƙa'idarku, mai ƙarambau da ƙurajensa ba su bushe ba yana da izinin shiga aji? Ba mai hankalin da zai rubuta "e". In suka rubuta "a'a", to magana ta tashi daga kin fasa ta koma ba a yarda ki shiga ba.

Sista Bilki: Barista, wannan tambayar tana ɗan tayar min da hankali. In wani marar tunani ya ce mata ta zo fa? Ko su karanta ta kamar barazana, wato ku biya ni ko in zo in shafa muku?

Barista Nura: Kin yi gaskiya, a gyara lafazin. Ta fara da cewa ba za ta zo ba ko me suka amsa, saboda umarnin likita. Sannan ta tambayi matsayinsu. Amfanin tambayar shi ne su ga da idonsu cewa ƙa'idarsu tana hukunta mutum a kan abin da su ma shi suke so ya yi.

Malam Habu: Allah ya saka wa kowa. Ta fuskar fiƙihu wannan ijara ce, an yi hayar aikin malami na wani lokaci. Malamai sun yi saɓani a kan ko uzuri yana warware ta. Hanafawa suna ganin uzurin da zai sa cika yarjejeniya ya zama cutarwa yana ba da damar warwarewa. Mafi yawan sauran suna ganin ta lazimci ɓangarorin biyu matuƙar abin da aka yi haya yana nan ana iya amfana da shi. Don haka ba zan ce wa masu cibiyar sun ci haram kai tsaye ba.

Amma abu biyu ba saɓani a cikinsu. Ya tabbata a hadisi cewa kada mai marasa lafiya ya gangarar da su kan masu lafiya, don haka zamanta a gida bin umarni ne, ba ganin dama ba. Na biyu, an kwaɗaitar da mai sayarwa ya karɓi fasawar ɗan'uwansa in ya nema, har aka yi masa alkawarin Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Ki saka wannan a zuciyarki in za ki rubuta: kina neman haƙƙi inda kike da shi, kina neman kyautatawa inda ba ki da shi, kada ki haɗa su a murya ɗaya.

Jamilu Tech: In da kati kika biya ki kira banki ki ce su janyo kuɗin. Ko kuma ki saka sunansu a Facebook, kafin yamma za su kira ki.

Abu Safwan: A banki nake aiki. Janyo kuɗi ta kati ana yinsa ne in ba a ba ka abin da ka biya ba, ko an cire maka ba da izininka ba. A nan cibiyar za ta tura hoton sa hannunta da shaidar cewa an yi kwas, shi ke nan ƙorafin ya faɗi. In kuma tura kuɗi ta yi daga asusu zuwa asusu, wannan hanyar babu ita ma. Abin da ya fi, in wurin aikinta ne ya tura ta ko akwai inshorar da ta shafi kwas ɗin, ta duba can.

Admin: Tunatarwa: ba a kama sunan cibiya ko mutum a wannan zauren. A ci gaba.

Barista Nura: Batun Facebook kuma, ban da shi yanzu. Da zarar kin fallasa su, wanda zai iya sassauta miki ya koma kare kansa. Matakan a jere suke: wasiƙa, in shiru ki ba su wa'adi a rubuce, sannan hukumar kare masu saye ko wadda ta ba su lasisi, sannan ƙaramar kotu in kuɗin ya kai a wahala dominsa.

Baban Yusra: Ni har yanzu ina ganin wahalar da za ta sha ta fi kuɗin. Mutum yana fama da jikinsa ana ce masa hukuma da kotu.

Ummi K.: Alhaji wasiƙa ɗaya ce fa, tana kwance za ta rubuta. Kuma ba kowa ne kuɗin kwas yake masa ƙaramin abu ba. Wata wata shida take tarawa.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Jiki da sauƙi, ƙurajen sun fara bushewa, ƙaiƙayin dare ne kawai ya rage. Na rubuta wasiƙar yadda Barista da Sista suka gyara. Shugabar cibiyar ce ta amsa da kanta, kuma da mutunci. Ta ce lallai ba za su bar mai ƙarambau ya shiga aji ba. Ta ba ni zaɓi biyu: a mayar min da rabin kuɗin yanzu, ko a ajiye min kujera a rukuni na gaba in ƙara kashi 10 cikin 100 na sabon littafi da lasisi. Matsalar ita ce rukuni na gaba sai nan da wata huɗu, ni kuma saboda wani aiki da za a ɗauka wata mai zuwa na shiga kwas ɗin. Na tambaya ko an ba wani kujerata, ba ta amsa wannan ba. Littafin ma yana hannuna, don na je na karɓa ana gobe zazzaɓin zai fara, har na daɗe a ofishin muna hira da sakatariyarsu, baiwar Allah ga tsohon ciki tana ta fama da takardu.

Hajiya Asabe: Shirun da ta yi a kan kujerar amsa ce. Ki sake tambaya cikin ladabi. In an cike gurbin ki nemi kashi 80, ki ce a cire littafi da lasisi. In ba a cike ba, rabi ba zalunci ba ne, ni ma abin da zan iya ke nan. Akwai kuma hanya ta uku da ba ta ambata ba: ki tambaya ko za ki iya sayar wa wani kujerar rukuni na gaba, a canza suna. Yawancinmu ba mu ƙi wannan ba.

Sista Bilki: Ku dakata da maganar kuɗi tukuna. Maman Hanif, kin ce kin je ofishin ana gobe zazzaɓi, ƙuraje kuma suka fito washegarin zazzaɓin. Wato kwana biyu kafin ƙuraje. Wannan yana cikin lokacin da ake yaɗa cutar. Kuma kin ce matar tana da tsohon ciki, kun daɗe a ɗaki ɗaya. Magana fuska da fuska ko zaman kamar minti 15 a ɗaki ɗaya ya isa a ƙirga shi a matsayin haɗuwa da cutar. Ba laifinki ba ne, ba ki sani ba a lokacin. Amma ki kira ta yau, ita kanta, ba imel ɗin ofis ba. Ki gaya mata ranar da kuka haɗu da ranar da ƙurajenki suka fito. In ta taɓa yin ƙarambau ko an yi mata rigakafinsa, galibi babu damuwa. In ba ta taɓa ba ko ba ta da tabbas, ta je wurin awon cikinta ba tare da jinkiri ba, ana iya gwada jininta, kuma akwai abin da likita zai ba ta na kariya amma yana da wa'adin kwanaki. Ta kira su kafin ta je, kada ta zauna a layi cikin sauran masu ciki.

Baban Yusra: Ni da za ta bari a gama maganar kuɗin tukuna. Yanzu in suka ji ta shigo musu da cuta ofis, sai su janye tayin ma.

Malam Habu: A'a Alhaji, wannan kam ba a jinkirta shi. Rai biyu ake magana.

Barista Nura: Kuma ba ya raunana matsayinta. Ranar da ta je ba ta da alamar komai, takardar likita tana ɗauke da kwanan wata. Ɓoyewa bayan ta sani ne zai iya zame mata abin zargi.

Baban Yusra: Haka ne. Na karɓa, ta kira.

Maman Hanif: Innalillahi, hankalina bai kai nan ba sam. Na kira ta yanzu. Ta ce ba ta tuna ko ta yi tana yarinya, za ta tambayi mahaifiyarta, kuma gobe da safe za ta kira asibitin da take awo. Ta gode min, muryarta dai na ji ta canza. Sista, in jinin ya nuna ba ta da kariya, har yaushe za ta zauna cikin zullumi?

Sista Bilki: A ƙirga kwana 21 daga ranar da kuka haɗu, in an yi mata allurar kariyar nan likita zai iya ƙara mata mako guda a kai. A tsakanin nan ko ƙurji ɗaya ta gani, ko zazzaɓi, ta kira asibiti a ranar, don maganin ya fi aiki in an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. Ki tura mata hoton takardar likitanki ta nuna musu. Ki kuma tambaye ta ko akwai wani da ke ofishin a ranar, shi ma a sanar da shi.